Dutsen Psyche: Gaskiyar batun dukiyar da aka ce za ta mai da kowa attajiri

Duk bayan 'yan watanni sai labarin ya sake kunno kai a Facebook da WhatsApp: wai hukumar NASA ta Amurka ta gano wani dutse a sararin samaniya maƙare da zinariya, wanda in aka raba kuɗinsa kowane mutum a duniya zai tashi da fiye da dala biliyan ɗaya, kuma har an tura kumbo ya je ya ɗebo. Dutsen kam yana nan, astiroyid ne, sunansa 16 Psyche, ana furta shi "Saiki". Kumbon ma yana kan hanya tun watan Oktoban 2023. Sauran zancen ne ke buƙatar tankaɗe da rairaya. NASA ba ita ta gano dutsen ba, babu wanda ya taɓa auna zinariya a jikinsa, kumbon kuwa in ya tafi ya tafi ke nan, balle a sa ran tsaraba. Abin da ya sa masana suka damu da shi wata tambaya ce da har yau suke ja-in-ja a kanta: da me aka yi wannan dutse, kuma yaya aka yi ya zama haka?

Mene ne astiroyid, kuma ina suke?

Astiroyid dutse ne, ko curin ƙarfe, ko haɗin biyun, da ke kewaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi, sai dai bai kai girman duniya ba. Ya bambanta da tauraro mai wutsiya, wanda yawancin jikinsa ƙanƙara ce da ƙura. Ɓarɓashin astiroyid da ya ratso iska ya faɗo ƙasa shi ne dutsen da mutane ke tsinta su ce ya faɗo daga sama.

Mafi yawansu suna wani faffaɗan zobe ne tsakanin duniyar Mars da ta Jupiter, waɗanda malaman hisabi ke kira Marrihu da Mushtari. Wannan zoben shi ake cewa babban zirin astiroyid. Kimanin shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce, lokacin da ƙura da duwatsu ke haɗuwa suna zama duniyoyi, Jupiter da ƙarfin janyowarta ta hana na wannan yankin su dunƙule. Tana ta hargitsa tafiyarsu, maimakon su manne da juna sai su yi karo su farfashe, da yawa kuma aka watsar da su. Abin da ya rage kaɗan ne ƙwarai: in aka tattara duk duwatsun zirin wuri guda, nauyinsu bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin wata ba. Shi ya sa hoton da ake zanawa na duwatsu cunkushe suna gogar juna ba daidai ba ne. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai ɗaruruwan dubban kilomita, kumbo na ratsawa bai haɗu da ko ɗaya ba sai in an saita shi da gangan.

Wanda ya fara ganinsa

Ranar 1 ga Janairun 1801 wani limamin coci masanin taurari, Giuseppe Piazzi, ya hango astiroyid na farko daga birnin Palermo na Italiya, aka sa masa suna Ceres. Zuwa 1807 an sami huɗu, daga nan aka yi shiru har 1845. Bayan nan sai ganowa ta riƙa zuwa bi da bi, kuma cikin waɗanda suka yi fice a lokacin akwai Annibale de Gasparis na cibiyar duban taurari ta Capodimonte a birnin Naples na Italiya. Shi ya gano Hygiea a 1849, ranar 17 ga Maris 1852 kuma ya gano wannan da muke magana a kai. Lamba 16 da ke gaban sunan tana nufin shi ne na goma sha shida a jerin. Sunan kuwa daga tatsuniyoyin Girkawan dā aka ɗauko shi, kalmar tana nufin rai ko ruhi.

Yadda aka yi aikin ya cancanci a faɗe shi. A lokacin ba a fara neman astiroyid da hoto ba, sai a 1891 aka soma. Mutum ne zai kafa ido a madubin hangen nesa, taswirar taurari a gefensa, yana neman ɗigon haske guda da babu shi a taswirar. Gobe ya dawo ya duba: in ɗigon ya gusa alhali sauran taurarin suna inda suke, to an samu. Da wannan haƙurin de Gasparis ya gano tara a rayuwarsa. Yau na'urori sun ƙirga fiye da miliyan ɗaya.

Hanyar da yake bi

Psyche yana gama kewaya rana sau ɗaya a kusan shekara 5. Hanyarsa ba da'ira ce sak ba, ta ɗan yi tsawo: idan ya matso kusa da rana tazarar kilomita miliyan 378 ce, idan ya yi nisa ta kai miliyan 497. Tsakanin duniyarmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, wato shi ya kusa ninka nisanmu sau uku.

Wannan ya amsa tambayar da wasu ke yi cikin fargaba, ko zai iya faɗo mana. Ko a lokacin da ya fi kusantar mu, akwai fiye da kilomita miliyan 200 tsakani, kuma hanyarsa ba ta gitta tamu. Duwatsun da ake sa wa ido saboda haɗari wani rukuni ne dabam, masu wucewa kusa da duniya.

Yana juyawa a kan kansa cikin awa 4 da 'yan mintoci, kuma a kishingiɗe yake juyin, kamar ganga tana gangarawa. Siffarsa ta fi kama da dankalin turawa: kilomita 280 ta fuskar da ya fi faɗi, kimanin 230 ta ɗaya fuskar, wajen 190 ta ukun. Ɗari biyu da talatin ɗin nan kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna ce a mota. Duk da girman, ƙarfin janyowarsa bai kai kashi 2 cikin 100 na duniyarmu ba. Buhun masara mai kilo 100 a can zai yi nauyin da bai kai kilo 2 ba a hannu.

Daga ina maganar ƙarfe ta fito?

Babu wanda ya taɓa ganin Psyche a kusa. A manyan madubai ma dusu-dusu yake fitowa. Duk abin da aka sani, an ciro shi ne daga haske da kuma amsa-kuwwar rada, wato saƙon rediyo da ake harbawa ya bugi abu ya dawo.

Shaida ta farko launin hasken rana da ke dawowa daga jikinsa ce. Kowane irin ma'adini yana shanye wani ɓangare na haske ya mayar da wani, kuma abin da Psyche ke mayarwa ya yi kama da na duwatsun ƙarfe da suka faɗo duniya. Irin waɗannan an san su sarai. Mafi girmansu, Hoba, yana kwance a wata gona a Namibiya inda aka same shi a 1920, nauyinsa kimanin tan 60, kusan dukansa ƙarfe ne da nikel. Shaida ta biyu ta fi ƙarfi. Tun shekarun 1980 aka riƙa harba masa sakon rada daga katafariyar tashar Arecibo da ke Puerto Rico, sai aka ga amsar da ke dawowa ta fi ta yawancin duwatsun zirin ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙarfe ne ke mayar da rada haka.

A nan ne hasashen da ya sa aka kashe kuɗin kumbo ya samo asali. Wanda ya san yadda maƙeran dā ke narkar da tama zai gane shi da sauri: in wuta ta kama sosai, ƙarfe mai nauyi yakan taru wuri guda a ƙasa, datti ya ware. Haka ya faru ga ƙananan duniyoyin farko. Zafi ya narkar da su, ƙarfe ya nutse tsakiya, dutse ya taso ya lulluɓe shi, suka zama kamar ƙwai da gwaiduwarsa. Duniyarmu ma haka take, sai dai tata gwaiduwar tana farawa ne a zurfin kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗan ɗoriya. Babu ranar da za a je can. To idan Psyche gwaiduwar wata ƙaramar duniya ce da karo ya ɓare mata ɓawo, an sami damar kallon abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ba tare da haƙa ba.

Awon da ya kawo shakku

Abin da ya dagula wannan kyakkyawan bayani shi ne nauyi. Ana auna nauyin astiroyid ta hanyar lura da yadda yake ɗan karkatar da tafiyar ƙananan duwatsun da suka wuce kusa da shi, aiki ne mai wuyar gaske, shi ya sa alƙaluman farko suka yi ta saɓa wa juna. Da aka samu ingantattun awo, sai lissafi ya tsaya a kan cewa nauyinsa ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na zirin gaba ɗaya.

Sai a raba nauyin da girman. A ɗauki gwangwani mai cin lita ɗaya. In aka cika shi da ruwa, kilo 1 ne. Dutsen da ake fasawa a yi gini, ƙasa da kilo 3. Ƙarfe zalla, kusan kilo 8. Na Psyche ya faɗo a wajen kilo 4. Ya fi dutse nauyi, amma rabin nauyin ƙarfe ne kawai. A kan wannan lamba ta 4 masana suka rabu.

Ɓangare na farko na cewa ƙarfe ne mai yawa, amma ba a dunƙule yake ba, tarin gutsattsari ne da ramuka a tsakani, kamar tulin baraguzai. Wani bincike na Jami'ar Arizona a 2021, wanda aka haɗa ma'adinai a ɗakin gwaji har suka ba da haske irin na Psyche, ya kai ga cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na samansa ƙarfe ne, kuma wajen kashi 35 na jikinsa fanko ne. Masu suka suka ce in har ƙarfe ne zalla, sai kusan rabinsa ya zama fanko kafin lissafi ya daidaita. Masu bincike a Jami'ar Brown sun nuna a 2022 cewa abu mai wannan girma, in ƙarfe ne mai zafi a farkonsa, nauyin kansa zai matse ramukan su rufe.

Ɓangare na biyu na ganin haɗi ne na dutse da ƙarfe. Wannan ne matsayin da ayarin NASA ɗin kansu suka koma tun kafin a harba kumbon: sun ce ƙarfe yana tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na jikinsa. Abin lura ne cewa waɗanda suka nemi kuɗin tafiyar da hujjar gwaiduwar ƙarfe su ne suka fito suka rage alƙaluman nasu da shaida ta canja. A ƙarƙashin wannan ra'ayi ma akwai rassa. Mai yiwuwa ya farfashe ne ya sake haɗuwa, dutse da ƙarfe suka cakuɗe. Mai yiwuwa kuma bai taɓa narkewa ba sam, daga kayan da dama can ƙarfe ya yi musu yawa aka yi shi.

Na uku ya fi ban mamaki. A 2019 wasu masana suka kawo shawarar aman wuta na ƙarfe: cikinsa ƙarfe, a lulluɓe da dutse, amma yayin da yake hucewa narkakken ƙarfe mai haɗe da farar wuta ya tsattsago ya malala a sama. In haka ne, rada ta ga ƙarfe domin shi ne a fuska, awon nauyi kuma ya ga dutse domin shi ne a ƙarƙashi, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Akwai shaidu biyu da kowane ɓangare ke ƙoƙarin ja wajensa. Taswirar da aka yi da madubin ALMA da ke ƙasar Chile ta nuna fuskar dutsen ba iri ɗaya ba ce, wani wuri ƙarfe ya fi yawa, wani wuri dutse. Sannan an ga alamar ma'adinai masu ɗauke da sinadarin ruwa a jikinsa, madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya ƙara tabbatar da haka a 2024. Gwaiduwar da ta taɓa narkewa bai kamata ta riƙe irin wannan ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce wasu duwatsu masu ruwa ne suka riƙa faɗa masa suna barin ɓarɓashinsu. In kuwa daga cikinsa abin ya fito, to hasashen gwaiduwa ya shiga matsala babba. A halin yanzu dai ra'ayin haɗin dutse da ƙarfe ya fi rinjaye, domin shi ne bai buƙatar a tilasta wa lambar nan ta 4.

Abin da kumbon ya je yi

NASA ta amince da tafiyar a Janairun 2017, ƙarƙashin jagorancin Lindy Elkins-Tanton, wadda a lokacin take Jami'ar Jihar Arizona. An so harbawa a 2022, manhajar sarrafa kumbon ba ta kammalu a kan lokaci ba, aka ɗage. Ranar 13 ga Oktoban 2023 rokar Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX ta ɗaga shi daga jihar Florida. Tafiyar kilomita biliyan 3.6 ce, jadawalinta ya haɗa da ratsawa ta gefen Mars a watan Mayun 2026 domin aron ƙarfin janyowarta, sai isa a watan Agustan 2029. Kuɗin aikin duka ya kai kimanin dala biliyan 1.2.

Injinsa da hasken rana yake aiki, yana fesa iskar zinon a hankali. Ƙarfin turawar bai wuce nauyin ƙaramin batirin tocila a tafin hannu ba, amma da yake ba ya tsayawa wata da watanni, gudun yana taruwa. A watan Afrilun 2025 matsin iskar ya ragu a bututun, injiniyoyi suka juya zuwa bututun ko-ta-kwana daga nan duniya, aka ci gaba.

Kayan aikinsa kyamarori ne, da na'urar gane sinadaran da ke saman dutsen, da ma'aunin maganaɗisu. Babu shebur, babu ma'ajiya, ba zai ma sauka ba. Zai yi ta kewaya dutsen kimanin wata 26, daga tsayin kilomita 700 yana sassaukowa har ƙasa da 100.

Lissafin dala biliyan ga kowa

Asalin lambar daga bakin Elkins-Tanton ɗin ta fito a 2017, lokacin da 'yan jarida suka tambaye ta. Ta ɗauki ƙarfen da ake zato yana jikin dutsen ta buga da farashin kasuwa, ya ba da dala tiriliyan ɗaya sau miliyan 10, wato 1 da sifili 19 a bayansa. A raba wa mutum biliyan 8, kowa ya sami biliyan ɗaya da kwata. Ita kanta ta sha bayyana cewa lambar ba ta da wata ma'ana a aikace. Ƙarfe ta lissafa. Zinariyar daga baya masu kanun labarai suka ƙara, wasu ma suka mai da lambar 700 a maimakon 10. A duwatsun ƙarfen da suka faɗo duniya, zinariya 'yan gram ce a tan guda, wani lokaci ko gram ɗaya ba ta kai ba.

Matsala ta farko kuɗin dako. Kumbon OSIRIS-REx ya ci kimanin dala biliyan ɗaya, ya yi shekara 7, ya dawo a Satumban 2023 da gram 121.6 na ƙasar wani astiroyid mai suna Bennu, wanda ya fi Psyche kusa sosai. Kowane gram ya tashi a kan fiye da dala miliyan 8, alhali gram ɗin zinariya ko dala dubu bai kai ba. Japan da kumbonta Hayabusa2 gram 5.4 ta kawo a 2020. Kamfanoni biyu da suka yi tashe da alƙawarin haƙar ma'adinai a sama, Planetary Resources da Deep Space Industries, an saye su a 2018 da 2019 ba su haƙo komai ba.

Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma duk ɗan kasuwa ya san ta: abin da ya yi yawa, araha yake yi. Duniya na sarrafa ƙarfe kimanin tan biliyan 1.9 a shekara. In rabin nauyin Psyche ƙarfe ne, zai ɗauki wajen shekara miliyan 6 ana ci a wannan ma'auni. Wa zai saya a farashin yau? Tarihin Afirka ta Yamma ma ya ga irin haka, lokacin da Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira a hanyar Hajji a 1324 ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a Masar. Ƙarfe kuwa dama ba shi ne ya yi ƙaranci a doron ƙasa ba. Abin da ke sa rodi tsada shi ne wutar lantarki, masana'anta, sufuri da canjin kuɗi.

Dutsen sama yana tsada ne idan ya yi wuyar samu. Wanda aka tsinta a yankin Agadez na Nijar a Nuwamban 2023, gutsuren duniyar Mars mai kusan kilo 25, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasar.

Idan an iya haƙa, na wa ne?

Wannan ne ɓangaren da zai iya shafar ƙasashe masu tasowa tun kafin a taɓa ko tsakuwa ɗaya. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta wa kowace ƙasa ta ce watan da muke gani a sama, ko wata duniya, ko astiroyid mallakinta ne. Ba ta fayyace hukuncin abin da aka haƙo daga jikinsu ba. Amurka ta yi doka a 2015 da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka ɗebo, Luxembourg ta bi a 2017, sai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan. Hujjarsu kamar ta masunci ce a tsakiyar teku: ruwan ba nasa ba ne, kifin da ya kama nasa ne, kuma in babu wannan tabbaci babu mai zuba jari.

Masu adawa na cewa hakan na nufin wanda ya riga isa shi ke da kaya, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da rokar zuwa. Suna kafa hujja da yarjejeniyar 1979 a kan duniyar wata, wadda ta kira albarkatun sama gadon 'yan'adam baki ɗaya, ta kuma nemi a tsara rabon amfaninsu. Rauninta shi ne ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 20 ba, kuma babu Amurka, Rasha ko Sin a cikinsu. Najeriya da Ruwanda sun sa hannu a yarjejeniyar Artemis da Amurka ke jagoranta a Disamban 2022, su ne na farko a Afirka, ita kuma wannan yarjejeniya ta ɗauki matsayin cewa haƙar albarkatu ba mallakar wuri ba ce. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya ya kafa ayarin nazarin batun a 2021.

Ga mutumin da ke kan titi, tafiyar Psyche ba za ta taɓa farashin zinariya ko na rodi ba, kuma duk wanda ya zo yana tallar hannun jari a "ma'adinan sama" da sunan wannan dutse, abin da babu shi yake sayarwa. Amfanin da ya fara fitowa daga wani gefe ne: kumbon ya gwada aika saƙo da hasken leza, a Disamban 2023 ya turo bidiyo daga nisan kilomita miliyan 31 da saurin da ya fi intanet ɗin gidaje da yawa.

Ita kuwa gardamar masana, ma'aunin maganaɗisun nan ne zai fara raba ta. Narkakken ƙarfe da ke motsi a cikin duniya shi ke haifar da maganaɗisunta, kuma idan ya huce yakan bar tambari a jikin abin da ya daskare. In kumbon ya iske wannan tambarin a 2029, masu cewa gwaiduwa ce sun sami hujja mai ƙarfi. In bai iske ba, sai a jira awon nauyin sassan dutsen daga kewaye mafi kusa, wanda zai nuna ko ƙarfen a tsakiya ya taru ko a warwatse yake.